Mararrabar Mariental

Taswirar ta rufe ɗan teburin da ke cikin motar gaba ɗaya, har gefenta ya zubo kan cinyar Neels Mouton. Ya sunkuya hancinsa na neman taɓa takardar, yana bin jan layi da ɗan yatsa. Idonsa na hagu ya mutu shekara shida da suka wuce. Na dama kuma mako uku ke nan da likita ya yi masa aiki a Windhoek.

"Ga ta nan," ya ce wa matarsa. "Mu karya ta Maltahöhe, mu gangara Helmeringhausen, sai Aus. Mun rage kusan kilomita casa'in."

Griet ba ta ko dubi taswirar ba. Tana zuba kofi daga butar da ke kan murhun motar. Ita ce ta tuƙo su daga Rehoboth tun hantsi bai yi ba, kuma ita za ta kai su. Motar irin mai ɗaki ce a baya, da gado da murhu da ɗan banɗaki. Maƙwabta suna kiranta Kunkuru. Sun saye ta ne shekarar da Neels ya bar aiki, da nufin shi zai riƙa ja, sai ido ya hana.

"Burji ce daga Maltahöhe," ta ce. "Likita ya ce kada a jijjiga ka."

"Likita ya taɓa ganin hanyar? Shekara talatin da ɗaya ina jan gireda ina gyaranta. Na san kowane kwalbati kamar yadda na san aljihuna."

"Aljihun da jiya ka nemi tabarau a ciki, alhali yana kan goshinka?"

Ya yi dariya, amma bai ɗaga yatsansa daga layin ba. Gobe Lahadi za a yi wa jaririyar 'yarsu Lettie baftisma a Aus, kuma har yanzu Neels bai ga jikar tasa ba. Hanya biyu ce daga nan Mariental. Ko su miƙe kan kwalta zuwa Keetmanshoop su juya yamma, ko su bi tasa. An yi ruwa a kudu kwana huɗu a jere, amma sanarwar da Griet ta duba a waya ta ce duka biyun a buɗe suke.

Ta ajiye masa kofin, ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Shekara arba'in suna tare, ta san abin da bai faɗa ba. Likita bai yi alkawarin idon zai daɗe ba. Mutumin yana so ya ga aikin hannunsa sau ɗaya tun yana iya gani.

"To, tsohona," ta ce a hankali. "Sai mu bi. Amma tafiyar hawainiya zan yi, kuma in ka ce min ƙara wuta, a nan zan sauke ka."

"Ashe dai kina da hankali."

"Sha kofinka."

Bai gama sha ba wata babbar motar tumaki ta shigo gidan man da suka yada zango, ta tsaya gefensu, tana huci. Neels ya karkata kunne, sannan ya ajiye kofin ya sauka. Griet ta bi shi da hularsa.

Direban ƙaƙƙarfan mutum ne mai suna Gariseb, ya taɓa ɗaukar awakin ƙanin Griet. Da ya gane su ya cire hula.

"Oom Neels!" ya ce, wato Kawu Neels. "Kai ne? An ce ka zama ɗan yawon shaƙatawa, kai da gidanka a baya."

"Hassada ce ke damunka. Daga ina?"

"Helmeringhausen."

"Yaya hanyata?"

"Lumui, Oom. Kamar tabarma. Ko ƙwai ka ɗora a kan bonet ba zai faɗi ba."

Griet ta ji daɗi. Neels kuwa ya matsa kusa da motar tumakin. Ya dafa jikin motar ya bi ta da hannu har ya kai matakin ƙofa. Ya ɓamɓaro busasshen taɓo daga nan, ya murje shi tsakanin yatsu, ya kai kusa da hanci. Sannan ya durƙusa da ƙyar ya laluba bayan taya, ya girgiza robar da ke tare laka. Ƙusa ɗaya ce kawai ke riƙe da ita.

"Ƙarfe nawa ka taso?"

"Biyar."

"Yanzu ƙarfe nawa, Griet?"

"Goma saura kwata."

"Kusan awa biyar ke nan a tafiyar awa uku da rabi." Ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Gariseb, tabarmarka tana da ƙaya. Wannan yashin rafi ne, kuma ya kai har matakin ƙofarka. Rafi nawa ka tsallaka da ruwa?"

Direban ya sosa kai. "Biyu ne kawai. Na biyun ne ya ɗan ci gaɓa."

"Gargada fa?"

"Akwai 'yar kaɗan bayan tsaunin."

"'Yar kaɗan ce ta kwance maka ƙusoshi."

"Haba Oom, ai ga ni na iso."

"Kai ka iso. Cikin motarka ya kai ƙuguna tsayi. Tamu kuwa in ta ga tudun tururuwa sai ta gaishe shi da ciki, ga gindi mai tsawo. In ta sauka rafin nan, baya zai dafe a gaɓa, gaba yana cikin ruwa."

Gariseb ya dubi Kunkuru, ya dubi Griet. "Tannie," ya ce mata, wato Gwaggo, "wannan mutumin da ido ɗaya ma ba a yi masa ƙarya."

"Rabin ɗaya," in ji Neels. "Ka ɗaure robar nan kafin ta faɗo wa wani."

Da suka koma ciki, shi da kansa ya naɗe taswirar.

"Kwalta," ya ce.

"Na riga na ce zan bi da kai."

"Na ji. Ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu. Keetmanshoop za mu."

Suka miƙe kudu. Kwaltar ba ta da faɗi, kuma ruwan ya ɓuɓɓula ta a wurare, don haka Griet ba ta wuce tamanin ba. Duk sa'ad da tirela ta taho sai iska ta tura motar gefe, ita kuma ta riƙe sitiyari da hannu biyu ta dawo da ita. Neels ya rufe ido kamar mai barci, amma kunnensa na kan tayoyi.

"Sassauta," ya ce a wani wuri. "Ƙarar ta canja, faci ne a gaba. Inda faci yake, rami na kusa."

Ta sassauta. Ramin na nan bayan gadar, ya isa ya haɗiye taya. Ta kauce masa ba tare da ko cokali ya motsa a aljihun tebur ba.

"Wa ya koya miki tuƙi haka?"

"Wani mai surutu."

A Keetmanshoop suka sha mai, suka ci gasasshen burodi da busasshen nama, suka juya yamma. Wajen Goageb akwai allo da ke nuna hanyar da ta haura Helmeringhausen daga kudu. Griet ta ɗaga ƙafa daga totur, ta saci kallonsa. Ya ga allon, ko aƙalla ya ga korensa. Ya ɗan daɗe yana dubansa har suka zo daidai da shi.

"Me kika tsaya yi? Rana tana tafiya."

Sun shiga Aus da la'asar sakaliya, sanyin duwatsu ya fara sauka. Lettie ta fito da gudu da jaririyar a kafaɗa, mijinta Rudolf na biye. Aka zaunar da Neels a kujerar baranda, aka ɗora masa yarinyar a hannu.

"Ai tun azahar muke zuba ido," in ji Rudolf. "Me ya sa ba ku biyo ta Maltahöhe ba, Baba? Wani abokina ya iso yanzu a ƙaramar mota. Ya ce ruwan ya janye tun kafin tsakar rana, gireda biyu na kan hanyar, sun cike gaɓar. Har cewa ya yi bai taɓa ganin ta da kyau haka ba."

Griet ta tsaya da jaka a hannu. Ta dubi mijinta, tana jiran abin da zai ce.

Neels ya ɗago jaririyar har numfashinta na taɓa kumatunsa. Ya karkata kai, yana neman ta da gefen idon da ya rage. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta yi hamma.

"Lettie," ya ce, "ce wa mijinki ya matsa. Ya tare min haske."