Gilashin Da Ke Kumbura Hanci

Tun ranar da sunan Malamar labarin ƙasa ya fito cikin masu zuwa taron malamai a ƙasar waje, ta yi wa 'yan ajinta alkawari: za ta dawo musu da hotunan birnin bakin tekun da za a yi taron, su gani da idonsu yadda mutane suka yi wa ruwa hanya a tsakiyar gari. Ta gaji da zana magudana da alli yara suna gyaɗa mata kai, alhali duk damina sai sun naɗe wando kafin su shigo harabar makaranta.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ita ce farkon fita daga makarantar ba. Mataimakin shugaba ya je, ya dawo da waya cike da hotuna, amma kowanne ka buɗe tumbinsa ya tare rabin gini, hularsa ta tare sauran. Da ta tambaye shi yadda aka gina gadar da ke bayansa, sai ya ce ai gada gada ce. Haka ake yi: mutum ya ƙetare teku ya dawo da fuskar da ya tafi da ita, a taru a ce masa madalla.

Wayarta kuwa hoto take ɗauka kamar mai hakiya a ido, saboda haka ta nufi shagon hoton kawunta, yayan mahaifiyarta, don ya ara mata kyamara.

Shagon ɗan siriri ne, tsakanin tela da mai aski. Daga ciki akwai farin labule, da fitilu biyu masu lema, da madubi da tsohon mataji, da wata baƙar kwat a jikin ƙusa wadda rabin mazan unguwar suka ɗauki hoton neman aiki da ita. An shata layi da fenti a ƙasa inda mai ɗaukar hoto zai tsaya, ƙafafun sandar kyamara kuma sun yi wa siminti rami saboda daɗewa a wuri ɗaya. Kyamara biyu Kawu yake da su, da gilashi biyu na ɗaura musu a baki. Ɗaya yana kiransa Dogo, ɗaya Gajere. Dole ɗaya ya zauna a shago, in ba haka ba aiki ya tsaya.

Ta tarar ya riga ya shimfiɗa sabon tawul a kan tebur, ya kwantar da Dogo kamar jariri, ya kuma kira tela da mai aski su zama shaida. Kowa a layin ya san Dogo ba a taɓa shi. Ɗan cikin Kawu ma da ya taɓa goge shi da bakin riga, sai da ya yi kwanaki yana raɓe-raɓe.

"Sufeto, matso," in ji Kawu, don haka yake kiranta tun tana ƙarama, saboda ba ta wuce abu a karkace ba ta yi magana ba. "Yau Dogo zai hau jirgi kafin ubangidansa."

Tela ya ce lallai 'ya ta fi ɗa, mai aski ya ce shi ko leƙawa ba a taɓa bari ya yi ba. Daɗi ya cika Malama har idonta ya kawo ruwa. Kawu ya tsayar da ita a ƙofar shago, ya ja da baya, ya danna, ya juyo mata da bayan kyamarar.

Hoton ya yi kyau, babu ƙarya. Kowane zare na mayafinta ya fito, ƙwayar idonta tana sheƙi. Amma bayanta babu komai. Titi, da motoci, da benen da ke tsallake, duk sun narke sun zama launi kamar an zuba wa fenti ruwa. Kawu ya ce wannan shi ne aikin Dogo: ya ɗauko mutum, ya watsar da tarkacen da ke bayansa. Amare har layi suke yi saboda shi.

Ta sake duban hoton. Tarkacen da ke baya ai su za ta je ɗauka. Ga shi mutumin da bai taɓa ba kowa aron ko murfin gilashi ba ya miƙo mata abin da ya fi so a gaban maƙwabta. Ita da aka sani da faɗin magana ko ta kan wa za ta faɗa, yau sai ta shiga kewaye-kewaye.

Ta fara da hannunka mai sanda. Ta ce Dogo yana da nauyi, ya ce zai ba ta jaka mai maɗauri. Ta ce tana tsoron ɓarayi, ya ce Allah ke tsarewa. Ta ce to masu zuwa ɗaukar hoto fa, ya ce su yi haƙuri da Gajere har ta dawo, ai ba mutuwa za su yi ba. Sai ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko za a nuna mata Gajeren.

Tela ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ba da labarin ranar da aka ɗauke shi da Gajere daga kusa, hancinsa ya fito kamar zai riga shi shiga ɗaki, matarsa ta ɓoye hoton a ƙasan akwati don kada dangi su gani. Mai aski ya ce kada a ɗora wa gilashi laifi, hancin dama ya samu taki. Kawu ya jawo aljihun tebur ya ɗauko Gajere a cikin tsohuwar safa. Ya ce wannan na hoton 'yan firamare ne, a jera yara a kan benci a kwashe su gaba ɗaya har da maigadi.

"A ce 'yata ta fita ƙasar waje da gilashin 'yan firamare? Ina zan sa fuskata?"

Nan haƙurinta ya ƙare.

"Kawu, fuskata 'yan ajina sun haddace ta, har sun gaji da ita. Gari nake so su gani. Kowa ya je ya dawo da kansa, shi ya sa muke nan inda muke."

Tela ya tuna yana da ɗinki, amma bai motsa ba. Kawu ya fara naɗe Dogo cikin tawul a hankali, yana gyara kowace kusurwa. Ta ji kamar ta haɗiye maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta sassauta murya ta roƙe shi abu ɗaya, ya bar ta ta gwada, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya ɗaga kafaɗa, ya ɗaura mata Gajere ba tare da ya dube ta ba.

Ta fita ta tsallaka titi. Kawu ya kasa zama, ya fito ƙofa, hannu a ƙugu.

"Wa za ki ɗauka?"

"Babu kowa, Kawu."

"Hoton babu kowa," ya ce wa mai aski. "Ka ji karatu."

Ta danna, ta dawo, aka buɗe hoton a kwamfutar shago. Kawuna huɗu suka haɗu a gaban allon.

Layin ne gaba ɗaya ya shigo ɗakin. Ga shagon hoto da allonsa da harafi ɗaya ya faɗi. Ga keken ɗinki, ga madubin aski yana walƙiya, ga wayoyin lantarki sun sarƙe kamar gashin da bai ga mataji ba. Ga wata mata a saman bene tana shanya, ga mai kura ya tsaya yana ɗaure igiya. Kwatar da ke gaban shagunan kuma ta fito tun daga inda ta taso har inda ta toshe, da tabon ambaliyar bara a jikin kowane bango. Malama ta bi ta da yatsa, ta ce wannan take nufi: yaro ya ga daga ina ruwa ya taso, ina ya nufa, me ya tare shi. Tela ya lura toshewar daidai ƙofar mai aski ta fara. Mai aski ya ce a matso da hoton a gani, in ba ƙyallaye ba ne a ciki a aske masa gemu.

Kawu ba ya jin su. Ya matso da kujera, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce ashe itacen nan ya wuce bene. Ya ce ashe shagonsa shuɗi ne har yanzu. Tun yana saurayi yake buɗe ƙofar nan kowace safiya, ya ɗauki kusan kowace fuska a unguwar, amma bai taɓa tsallaka titi ya juyo ba.

Ya miƙe, ya ɗauki kyamarar ya fita. Ta taga Malama ta ga abin da ba ta taɓa zato ba: Kawu, wanda ba ya ɗaga sandar kyamara daga raminta, ya durƙusa a gefen titi, ya tashi, ya hau bencin mai aski, ya sauko, ya bi layin har ya sha kwana. Wani magidanci ya shigo neman hoton fasfo, ya sa kwat ɗin shago, ya taje gemu, ya zauna yana duba agogo. Sai da gumi ya jiƙa masa wuyan kwat sannan Kawu ya dawo, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, yana haki yana murmushi.

"Sufeto, na yi tunani. Gajere ba ya zuwa ko'ina."

"Kawu!"

"Yau na san shi, yau za ki raba mu?"

Ta tuna masa ba da jimawa ba a cikin safa yake. Ya ce wannan tsakaninsa da Gajere ne, sun sasanta. Ta ce to sai ta je ta faɗa wa 'yan ajinta cewa kawunta ya hana su ganin teku, kuma ta san iyayensu duk a shagon nan suke ɗaukar hoto. Tela ya ce yarinyar nan da lauya ta zama, da babu wanda zai kwana a gidan yari. Kawu ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya jawo ta gefe ya shiga koya mata abin da ya sani game da halin Gajere. Ta riƙe kyamara daidai, in ta ɗaga mata baki sama gine-gine za su jingina kamar masu jin barci. Kada ta sa mutum a gefen hoto, zai yi faɗi ya kai ƙara. Ta ajiye batir ɗaya a aljihu, don sanyin can yana shanye shi. Malama ta saurara da kyau, har ta sa ya maimaita na farkon.

Ya rataya mata maɗaurin kyamarar a wuya, amma bai saki ba tukuna. Ya ce yana da sharaɗi. In ta ga shagon mai hoto a can, ta tsallaka titi ta ɗauko masa shi da duk abin da ke gefensa, yana so ya ga yadda layin abokin sana'arsa yake. Sannan hoto ɗaya tak ta shiga ciki, saboda mahaifiyarta, kada a ce ya tura yarinya ta ɓace a bayan gini.

"Zan shiga," ta ce, "amma daga can nesa, 'yar mitsitsiya."

"Ke da uwarki ku ƙarata." Ya saki maɗaurin.

Mai jiran fasfo ya yi gyaran murya, ya ce shi dai in da hali a ɗauke shi kafin kwat ɗin nan ta dafa shi. Kawu ya kwance tawul ya ɗauko Dogo, ya ce masa ya miƙe wuya.