Goron Albishir a Kwandiko

Datti ya soka filogi a rami na uku, ya haɗa wayar Kano da asibitin Birnin Kudu. Aikinsa ke nan a gidan waya tun kafin yaƙin basasa, ya haɗa mutane, ya zare abin ji daga kunnensa. Ya yi rantsuwa, ya sa hannu: duk abin da ya ji a layi ya faɗa, kora ce, wataƙila har da gidan yari.

To amma la'asar ce mai sa kasala, kuma hankalinsa yana Kwandiko, inda za a ɗaura masa aure da A'i ran Juma'a. Mijinta Iliyasu ya tafi yaƙi bai dawo ba, har an yi masa sadakar arba'in. Datti ya lumshe ido yana ganinta tana tankaɗe a gindin tsamiya, muryoyi suna wucewa ta kunnensa kamar ruwan rafi. Ya manta bai zare ba.

"Haladu, ni ne, Iliyasu. Ina asibitin sojoji. Ƙafa ɗaya ta tafi."

Haladu, abokin Iliyasu, malamin asibitin Birnin Kudu ne, baƙo a garin, bai san da wani biki ba.

"Kar ka aika wa A'i tukuna," in ji muryar. "Sai na koyi tafiya da sandunan nan."

Datti ya san muryar nan, tare suka yi karatun allo. Ikon Allah, yau doka ce da kanta take ce masa ya yi shiru ya sha bikinsa. Kuma yana son A'i, so mai tsanani.

Washegari ya hau motar Gwaram, ya ƙarasa Kwandiko a ƙafa. Gero ya yi kai, yana ta kaɗawa, shi kuwa ji yake kamar a mafarki yake tafiya.

Ya tarar da Malam Hadi, mahaifin A'i, a zaure.

"Baba, Iliyasu yana da rai."

"A ina ka ji?"

"A waya."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani, Baba."

A bayan zana wani abu ya faɗi, sai ga kukan A'i haɗe da dariya.

 Malam Hadi ya jawo ƙwaryar goron ɗaurin auren da Datti ya aiko shekaranjiya, ya zaɓi fari guda, ya miƙa masa.

"Ungo, goron albishir."