Jirgin Auta

Injiniya ake ce masa, ko da yake shi da kansa zai gaya maka bai taɓa riƙe takardar injiniya ba. Layukan tarho ya yi ta gyarawa har ya yi ritaya, sunan kuma ya manne masa. Tun da matarsa ta rasu, yara suka watse, gidan ya yi masa yawa. Ɗaki ɗaya yake amfani da shi, sauran suna kulle. In ya yi tari, shi yake ce wa kansa sannu.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, matuƙiyar jirgin sama ce, na ɗaukar kaya. Duk layin an san haka, don Injiniya ba ya bari a manta. Abin da ke cin ransa shi ne bai taɓa jin ta a bakin aiki ba. Jirgin ba ya sauka a garinsu, wucewa yake yi duk Laraba da yamma, lokacin da ya fara sassautowa zai sauka a babban birnin da ke gaba. Da ya ji ruguginsa sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga kai. A waya kuwa maganarta ba ta wuce ya jiki, ka sha magani, a gaida maƙwabta.

Ran nan ta ce, "Baba, ƙarshen watan nan za a canza mini hanya. Nesa za su kai ni, ba zan ƙara bi ta kanku ba."

Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya ajiye wayar.

Washegari ya je ya sayo wata 'yar na'ura da ya taɓa karanta labarinta. Girmanta bai wuce ɗan filas ɗin adana hotuna ba, ana soka ta a kwamfuta, a haɗa mata eriya, sai kwamfutar ta zama rediyon da ke kama har maganar matuƙa da masu kula da jirage a ƙasa. Manhajar da ke tafiyar da ita kyauta ce, masu sha'awar abin ne suka rubuta suka bar wa kowa. Bai gaya wa Auta ba. Tsoho da shi, a ce ya laɓe yana sauraron 'yarsa? Kunya yake ji. Ya bari sai ya ji ta tukuna, sannan ya maimaita mata kalmominta, ya ji yadda za ta yi dariya.

Wai an ce minti kaɗan ne an gama haɗawa. Wanda ya faɗi haka Allah ya yafe masa. Ya soka na'urar, manhaja ta ce ba ta ga komai ba. Ya zare, ya hura, ya mayar, ya canza rami. Shiru. Ya shiga wani zaure na intanet inda masu irin wannan wahala ke taruwa, ya rubuta gaisuwa mai tsawo, ya yi bayani dalla-dalla. Wani da ba a san fuskarsa ba ya ba shi amsa layi ɗaya, ko gaisuwar bai amsa ba: kwamfutarka ta ɗauka na'urar kallon talabijin ce, ta riƙe ta, ka hana ta. Injiniya ya ji haushin rashin tarbiyyar, amma ya bi maganar, ya rubuta umarnin a baƙin allo da yatsa ɗaya. Sai ga shuɗi ya cika fuskar kwamfutar yana gangarowa a hankali, lasifika ta fara shuuu. Ya rubuta wa mutumin godiya sakin layi biyu. Har yau bai amsa ba.

Abu na farko da ya kama, tallar sabulu. Duk inda ya juya ita ce, don gidan rediyon garin yana da ƙarfi, ya danne komai. Shi kuma ya ƙure ƙarfin kamun na'urar har ƙarshe, a tunaninsa in ana son jin na nesa sai a buɗe kunne duka. Ashe haka ke toshe ta. Ya rage. Ya yanko wayar jan ƙarfe daga tsohon akwatin aikinsa, ya auna, ya yi eriya, ya hau tsani ya ɗaura a bakin rufi, ba mai riƙe masa tsanin. Da ya sauko ya tarar da wasu layuka a allon, jere reras kamar haƙoran mataji. Yini guda yana kashe kayan gidan ɗaya bayan ɗaya, firji, fanka, kwan fitila, kafin ya gano cajar kwamfutar ce da kanta ke masa wannan tsiya.

Laraba ta zo, saura ɗaya bayanta. Ya zauna da abin ji a kunne. Daidai lokacin jirgin, wani ɗan layi mai haske ya fito a allon, alamar ana magana. Amma abin da ya shiga kunnensa gurnani ne, kamar mai magana da baki cike da ruwa. Ya danna nan, ya danna can, layin ya ɓace. Sai da yamma ta yi lis ya lura ya bar manhajar a kan FM, alhali jirage da AM suke magana. Shi da ya ƙare rayuwarsa cikin waya da sigina. Ya zagi kansa a fili, ba ma wanda zai ce masa ya yi haƙuri.

Sauran kwanakin ya yi su yana sauraron jiragen wasu. Muryoyi tar, suna faɗin sunan kamfani da lamba da tsayi, a taƙaice, ba sannu ba madalla. Har ya saba da su, yakan ce musu Allah ya kiyaye hanya.

Larabar ƙarshe tun da rana ya shirya. Ya cika batir ya zare caja, ya kashe firji duk da ba laifinsa ba ne, ya rufe taga saboda hayaniyar layi. Can ya ji rugugin jirgin daga nesa yana matsowa. Ƙafafunsa suka so tashi, ya hana su. Maganar matuƙa ba ta wuce numfashi biyu, in ya cire abin jin nan ya leƙa waje, shi ke nan ta wuce shi.

Layin ya haska. Sunan kamfaninsu, lambar jirginta, tas kamar a cikin ɗakin. Muryar namiji ce, mai kauri. Ya jira. Aka sake magana, namijin ne dai. Aka ba su wata tashar su koma, namijin ya yi sallama, layin ya mutu. Rugugin ma ya yi nisa ya ɓace. Injiniya ya zauna cikin shuuu ɗin nan, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ko ba ta da lafiya? Ko an riga an ɗauke ta ba ta faɗa ba?

Kafin magariba wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, muryarta cike da murna, rabon da ya ji ta haka har ya manta.

"Baba, yau ni na tuƙa. Ka san mu biyu ne a gaba, in ɗaya yana tuƙi, ɗayan ne ke magana a rediyo. Duk watan nan in za mu bi ta nan ni ce a rediyo, yau ma ni ce ya kamata. Sai na roƙi abokin aikina mu yi musaya, na ce ina so in wuce ta kan gidanmu da hannuna."

Bai kai ga amsawa ba ta ci gaba.

"Sama ta yi garau, Baba. Na hango unguwarmu, har tankin ruwan nan na gani. Na ce masa mahaifina yana can ƙofar gida ya ɗaga kai, bai taɓa fashi ba. Ka fito kuwa? Ka gan ni?"

Ya dubi tagar da ya rufe da hannunsa. Ya dubi allon, shuɗin yana ta gangarowa ba kowa a kai.

Ya ce, "Na fito, Auta. Na gan ki sarai. Allah ya yi miki albarka."

Ta ce amin, ta ce ta san zai fito. Da ta kashe, ya miƙa hannu ya zare na'urar. Ta yi zafi har tana ƙona yatsa, amma ya riƙe ta a tafin hannunsa har ta huce.