Tukunyar Gas ɗin Ba Busha'ib

Gizlan na tsakiyar soya ƙwai gas ɗinta ya ƙare. Wutar ta yi ja, ta yi ɗan tari, ta mutu. Ta fito da tukunyar ta girgiza, ta kwantar da ita a gefe, ta shanya ta a rana ko ɗumi zai tayar da ɗan abin da ya rage a gindi. Ko huci tukunyar ba ta yi ba. Haka ta cinye ƙwan rabi ɗanye, a tsaye, tana kallon teku.

Motar da take zaune a ciki tsohuwar motar rabon burodi ce. Ita ta saya, ita ta mayar da ita ɗaki da hannunta: gado, ɗan kabad, murhu mai kai biyu. Ranar da za ta bar garinsu Meknes yayyenta maza sun tsaya a ƙofar gida suna dariya, suka ce kafin mako ya zagayo za ta dawo tana kuka. Watanni sun shuɗe ba ta dawo ba, ba ta kuma taɓa kiran ɗayansu ta ce wani abu ya gagare ta ba.

Yanzu tana wata gaɓar teku kudu da garin Sidi Ifni, kuma ruwan sama ya cinye hanyar da ta sauko da ita. Mai kantin ƙauyen ya ce motar gas ba za ta shigo ba sai an cike ramin, yaushe kuwa, sai Allah.

Mota ɗaya ce kusa da tata, fara, babba, ta wasu tsofaffi. Mijin, Ba Busha'ib, wato Baba Busha'ib a bakin mutanen ƙasar, direban bas ne da ya yi ritaya. Da kuɗin sallamarsa ya sayi motar don ya ƙarasa ganin ƙasar da ya yi ta ratsawa ba ya tsayawa. Matarsa, Lalla Zuhur, wato Uwargida Zuhur, tun ranar farko ta tako ta leƙa motar Gizlan har ƙarƙashin gado.

"Ina mijinki?"

"Ba ni da shi, Lalla."

"Ubanki ya san kina nan?"

"Ya sani."

"Hmm. To, in kin rasa wani abu ki ƙwanƙwasa. 'Ya mace ita kaɗai ba ta rasa rasa wani abu."

"Ba zan rasa komai ba. Ni na haɗa motar nan, kuma abin da na karanta ke nan."

"Ah to! Sannu, Injiniya."

Daga ranar sunan ya bi ta. Saboda haka da gas ya ƙare, Gizlan ta ƙudurta ko za ta ci yashi ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ba. Ta ci busasshen burodi da zaitun. Ta ci kifin gwangwani har ta tsani warinsa. Ta tsinto itacen da teku ya tofo ta hura wuta, itacen jiƙaƙƙe, sai hayaƙi. Tana durƙushe tana fifita da murfin tukunya wata akuya ta zo ta bayanta ta ɗauke burodin. Iska ta tsinka igiyar shanyarta ta kai mata wando kan rufin motar tsofaffin, Ba Busha'ib ya sauko da shi da sandar kamun kifi, ya miƙo mata kansa a kauce. Duk wannan ta jure. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne ƙamshin shayin na'a-na'a da iska ke kawo mata kowace safiya, ita kuwa hannuwanta sun ƙage da sanyi.

Tukunyarsu ta ajiya tana bayan motar, an lulluɓe ta da buhu. Shuɗiya, kamar tata, kamar ta kowa. Ai tukunyar gas ba ta da mai ita, in ji Gizlan a ranta. Ka kai wadda ta ƙare kanti a ba ka wata, wadda ke gidanka yau gobe tana gidan wani. Aro ne. Da motar gas ta shigo za ta mayar da cikakkiya, ba wanda zai sani.

Da safe tsofaffin suka gangara wajen masu jiragen kamun kifi. Ta ɗauki tata ta kai, ta cire hular robar da ke bakin tasu ta ɗora wa tata, ta mayar da buhun. Tasu kuwa da ƙyar ta rungumo ta, tana tafe tana tsayawa. Ta rufe ƙofa da labule ta dafa shayi. Ya yi zafi, ya yi zaƙi, amma rabin kofi ta iya sha.

Ran Juma'a Lalla Zuhur ta ƙwala mata kira.

"Injiniya! Zo ki ci abincin mutane, kin rame kamar igiyar shanyarki."

Kuskus ne, da kabewa da naman rago. An turara sau ɗaya, an mayar kan wuta, sai wutar ta yi ja ta mutu.

"Alhaji, ta ƙare. Kawo ɗayar."

Ba Busha'ib ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya, ya tokare ƙafa, ya tara ƙarfi ya fizgi tukunyar. Ta taso masa kamar kwando, ya yi baya-baya ya zauna daɓas a yashi da ita a cinya. Lalla Zuhur ta fashe da dariya, sannan dariyar ta tsaya.

"Ba komai a ciki?"

"Da akwai... Na canza ta, Zuhur. A Tiznit. Na tuna mai kantin, mai gashin baki."

"Ka tuna! Kamar yadda ka tuna da ni a gidan mai?" Ta juya wajen Gizlan. "'Yata, bara mutumin nan ya sha mai ya ja mota ya bar ni a banɗaki. Sai da ya yi nisa ya ce miƙo min ruwa, ya ji shiru."

"Sau ɗaya ne."

"Tabarau a firji fa? Gishiri a shayi fa? Ka kai tukunya kanti, ka sha hira, ka ɗauko abarka ka dawo da ita." Muryarta ta sauka. "Anwar ya faɗa. Ya ce in aka sake ko ɗaya, in kira shi ya zo ya karɓi makulli. Gas ba gishiri ba ne, Alhaji. Yau ka manta cikawa, gobe ka manta rufewa. Da safe zan hau tudu in kira shi."

Anwar ɗansu ne, yana Kasabalanka, kuma ya daɗe yana so a sayar da motar. Waya ba ta kamawa sai a kan tudun.

Tsohon bai yi gardama ba. Ya zauna yana shafa hular robar da ɗan yatsa, leɓensa na motsi kamar mai lissafi. Gizlan ta yi niyyar faɗin gaskiya. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Ina da gas. A kawo a ƙarasa a wajena."

Haka aka ƙarasa kuskus ɗinsu da gas ɗinsu, suna ta sa mata albarka.

"Ka gani?" in ji Lalla Zuhur. "Yarinya ƙarama ta fi ka tanadi. Ci nama, 'yata, ci. Na janye abin da na faɗa a kanki."

Ba Busha'ib ma ya turo mata tsokar da ke gabansa. Ta tauna ta tauna, ta ƙi wucewa.

Da suka shiga barcin rana sai dabara ta zo mata, ta kuma ga dabarar ta yi kyau. Ta kwance tukunyar daga murhunta, ta rungume ta, ta lallaɓa ta mayar ƙarƙashin buhu, ta ɗauko tata. In sun tashi za su tarar da gas, a ce kuskure ne, a bar maganar tudu. Ta koma ta kwanta tana jin kamar an sauke mata dutse.

Wajen la'asar aka ƙwanƙwasa mata a hankali. Ba Busha'ib ne, ba hula, ba takalmi.

"'Yata, zo ki taimaka min da wani abu. Kar ki ta da ita."

Ta bi shi bayan motar. Ya nuna tukunyar.

"Ɗaga."

Ta ɗaga.

"Da nauyi?"

"Da nauyi, Ba Busha'ib. Ka ga ashe akwai! Ka canza ta ɗin."

Bai yi murna ba. Ya zauna a kan dutse ya buɗe tafukan hannunsa yana kallo.

"Ɗazu na ɗaga ta, ba komai. Na faɗi a gabanki. Ko ban faɗi ba?"

"Ka... ka faɗi."

"To. Mantuwa daban, kowa na yi. Amma hannu ya ɗaga abu cikakke ya ce maka fanko ne?" Ya girgiza kai. "Na tuƙa mutane duk rayuwata, ko kaza ban taɓa takewa ba. Da hannun nan nake jin hanya. In ya fara yi min ƙarya a kan tukunya, gobe zai yi min a kan birki, da ita a gefena." Ya zaro makullin motar daga aljihu, ya juya shi. "Ba sai ta wahala da hawan tudu ba, gwiwarta ba ta da lafiya. Ni zan hau in kira yaron."

Ya miƙe ya nufi ƙofar motarsu. Gizlan ta tsaya da buhun a hannu. Ta ga fuskokin yayyenta, ta ji yadda Lalla Zuhur za ta ja sunan nan, In-ji-ni-ya. Ta ga kuma bayan tsohon, da yadda yake taka yashi a hankali kamar bai yarda da ƙasar ba.

"Ba Busha'ib! Tsaya. Lalla! Lalla Zuhur, fito!"

Tsohuwar ta leƙo tana ɗaura kallabi. Gizlan ta faɗa duka, a tsaye, ba ta sunkuyar da kai ba don ba ta iya ba: gas ɗinta da ya ƙare, hular robar, shayin bayan labule, da mayarwar ɗazu.

Tsohon ya juyo ya dubi tukunyar.

"Wato," in ji tsohon a hankali, "da na ɗaga ba komai, ba komai ɗin ne?"

"Ba komai."

"Da na ɗaga da nauyi..."

"Da nauyi."

"Na kuma canza ta a Tiznit?"

"Ka canza. A cike na same ta."

Ya ɗaga hannuwa sama. "Alhamdu lillahi! Zuhur, kin ji? Ɓarauniya ce! Sata aka yi mana!" Ya kama dariya har da tari, yana share ido da hannun riga. "Mai gashin baki! Ban ce miki ba?"

Lalla Zuhur ba ta yi dariya ba. Ta dubi Gizlan tun daga ƙafa har kai.

"Kina zaune ina wanke shi tas a gabanki, kina cin namana."

"E, Lalla."

"Da kin ce min kina jin sanyi, me zai ragu a jikinki?"

Tsohuwar ta juya wajen mijinta, ta karɓi makullin daga hannunsa, ta cusa masa a aljihu ta daddanna.

"Sa takalmi, tsoho kawai, za ka kwashi mura. Maganar gidan mai dai tana nan, ban yafe ba."

"A ba yarinyar tukunyar ta yi amfani," in ji shi. "Mu yi rabo."

"Ba inda tukunyar nan za ta. Mai son wuta ta san ƙofa."

Washegari Gizlan ta daɗe zaune a bakin gado da buta a hannu. Ta tagar ta hango Ba Busha'ib ya fito ya buɗe ma'ajiyar gas, ya ɗaga tukunyar, ya ajiye. Ya yi taku biyu, ya dawo ya sake ɗagawa. A da ba ya yin haka.

Ta sauko ta taka yashin nan mai sanyi har ƙofarsu, ta ƙwanƙwasa.

"Wane ne?" in ji Lalla Zuhur, alhali tana kallonta ta gilashi.

"Ni ce, Gizlan."

"Me kike so?"

"Wuta nake roƙo, Lalla. Zan dafa shayi."

Ƙofar ta buɗe.

"Karkaɗe ƙafarki kafin ki shigo."