Mai Gira Ya Rame

Tun da aka yi wa Baba aikin gwiwa aka hana shi tuƙin bas, zaman gida ya gagare shi. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya kwance rediyo ya kasa mayarwa. Daga nan hankalinsa ya koma kan tankin gilashin da 'yarsa Auta ta bar masa amana da za ta tafi kwas.

Ruwan gishiri ne a ciki, da duwatsun murjani, da wani ɗan kifi mai ruwan ƙasa wanda bai fi yatsa ba. Ba ya yawan iyo, sai dai ya ɗare kan dutse ya zuba maka ido, ga 'yan gashi tsaye a saman idanunsa. Shi ya sa Auta ke kiransa Mai Gira.

Abin da ya tsone wa Baba ido shi ne koriyar gansakukar da ta lulluɓe duwatsun. Ya samo tsohon buroshin haƙori ya goge su tas, har da gilashin baya.

"Baban Auta, tsaro aka ba ka, ba wanki ba," in ji Mama.

"Yarinyar ce ba ta da lokaci. Dubi yadda ya yi fes."

Ba a jima ba Mai Gira ya daina zama wuri ɗaya. Ya dangwali wannan dutse, ya zabura ya koma wancan, ya dawo. Cikinsa ya lotsa. Baba ya barbaɗa masa abincin kifi na gwangwani, ko kallo bai ishe shi ba. Shi ma Baban sai safa da marwa tsakanin kujera da tanki, sanda na ƙwanƙwasa tayil, har Mama ta ce jiri yake sa ta.

Da abin ya ishe shi ya kira Auta, ya juya mata kyamarar waya. Ta ƙare wa tankin kallo.

"Baba, ina gansakukar?"

"Na wanke."

"Ai ita ce abincinsa."

Baba ya nemi bakin kujera ya zauna. "To, a ina ake sayar da ita?"

"Ba a sayarwa, fitowa take yi. Ka ɗebi ruwan tankin a kwano, ka sa ƙananan duwatsu, ka ajiye inda rana ke bugawa."

Kwanon gilashin Mama na baƙi ya ɗauka. Kullum yana bin rana da shi daga taga zuwa taga, yana ɗaga duwatsun yana dubawa, Mama na cewa ya bar su su sha iska.

Da suka fara kore-kore, ya kasa ƙara haƙuri, ya nutsa hannu a tankin har gwiwar hannu ya ajiye ɗaya. Mai Gira ya kewaye shi, ya ja baya, sannan ya kafa baki ya shiga kankara.

Baba ya tsaya ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa.

"Ba zai ishe shi ba," ya ce. "Ina sauran kwanukan?"

Mama ta tashi ta kulle kabad, ta jefa makullin a jakarta.