Kwana Casa'in Sau Goma

Ni na sayar da wayar garejinmu da layin a ciki, amma yayana aka kama.

Mu kanikawa ne, ni da shi. Lokacin da aka ce dole a yi wa kowane layi rajista, shi kaɗai ke da katin shaida a garejin, don haka da sunansa aka yi. Waya ce ta kowa, a ƙusa muke rataye ta kusa da akwatin sifanu. Da ta tsufa muka sake sabuwa da sabon layi, sai Yaya ya ce in cire tsohon in karya kafin in rabu da ita. Ban cire ba. A hankalina na bakanike, layin da aka daina sa wa kati kamar fulogin da ya ƙone ne, ba ya sake tashi. Na sayar da wayar ga wani mai sayen tsofaffin wayoyi a bakin titi, ko fuskarsa ban riƙe ba.

Bayan wata biyar aka tayar da bam a wata tashar mota, mutum talatin da ɗaya suka mutu. Ba a yi sati biyu ba, da hantsi, maza huɗu suka shigo garejin a farar mota marar lamba. Yaya yana ƙarƙashin wata tsohuwar bas, ƙafafunsa kawai ake gani. Suka kira cikakken sunansa har da na kakanmu. Ya roƙi su bari ya wanke hannu, suka ce ba daɗewa zai yi ba.

*

Babu ofishin da ban taka ba. Ko'ina amsa ɗaya ce: dokar tsaro ce ta riƙe shi. Sai da wani tsohon ɗan sanda da nake gyara wa mota ya zaunar da ni sannan na gane. Dokar ta ba su iko su tsare mutum kwana casa'in ba tare da sun tuhume shi ba, idan sun cika su sabunta. Dalilinsu kuma sirri ne, ko alƙali ba ya gani.

Matar Yaya, wadda tun tana amarya take kirana Kangararre, ita ta samo lauya ta wajen wata ƙungiya mai taimakon waɗanda aka tsare. Da na ga lauyar sai raina ya ɓaci. 'Yar ƙarama ce, ga tabarau, muryarta kamar mai tsoron tashin jariri. Na raɗa wa matar Yaya cewa wannan ko jak ɗin mota ba za ta iya ɗagawa ba.

"To kai mai ɗaga jak, me ka ɗago mana wata shida?" in ji ta.

Lauyar ta samu ganin Yaya na minti goma. Ta ce abu ɗaya suke ta tambayarsa, wata lambar waya. Da ta karanto lambar sai na gane ta tsohon layin garejinmu ce. Na gaya mata komai, na ce ta kai ni in faɗa musu da bakina. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Idan ka je, ba musanya za su yi ba, ƙari za su yi. Kuma yayanka ya san kai ne. Bai faɗa ba. Ya ce in gaya maka ka rufe baki ka riƙe gidajen nan biyu."

Tun muna yara ban taɓa bin maganar Yaya ba. Wannan ce ta farko.

*

Shekara biyu da wani abu ƙarar tana hawa daga wannan kotu zuwa waccan, har ta kai babbar. Ni da na tsaya a aji huɗu, ban taɓa shiga ɗaki irin wannan ba. Tsayin rufinsa ya isa a ɗora tireloli biyu ɗaya kan ɗaya. Katakon kujerun yana sheƙi, har na ɓoye hannuwana a aljihu saboda baƙin man da ke cikin faratana. Alƙalai biyar suka shigo a jere, mutum fiye da ɗari suka miƙe lokaci ɗaya, ba wanda ya yi musu tsawa. Na sha ganin ƙarfi a duniya, amma na bindiga da na inji. Wannan wani iri ne daban.

Lauyan gwamnati ba sakarai ba ne. Ya karanto sunayen mutum talatin da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, har da yarinya 'yar shekara uku. Ya ce idan aka buɗe sirri a kotu, waɗanda ke kawo wa hukuma labari gawarsu za a tsinta. Ya ɗaga wani ambulan mai jan hatimi ya ce abin da ke ciki ya ishi hukuma hujja. Wallahi sai da na ji kaina yana gyaɗawa, ni da ɗan uwana ke kulle.

Sai 'yar ƙaramar nan ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma har kujerar ƙarshe ana ji. Ta ce ita ma tana son a kama masu bam. Abin da take roƙo kaɗan ne, ko da ita ba za ta ga abin da ke cikin ambulan ɗin ba, alƙali ya gani. Mutum ba zai iya kare kansa daga takardar da ba wanda ya karanta sai mai zarginsa ba. Tana jawo littattafai masu kauri tana buɗe shafi ba tare da ta nema ba, kamar yadda nake sa hannu a akwati in ɗauko sifana mai lamba goma ido rufe. A nan na ji kunyar maganar jak.

Tsohon alƙalin da ke tsakiya ya sunkuyo ya tambayi lauyan gwamnati sau nawa ake iya sabunta kwana casa'in ɗin.

"Doka ba ta ƙayyade ba, ya mai shari'a."

"Wato har mutum ya mutu?"

Lauyan ya duba takardunsa. Matar Yaya ta damƙe gefen kujera. Tambayar da na yi shekara biyu ina yi a bakin ƙofofi ana kora ta kamar kare, ga wani tsoho ya yi ta a zaune, kuma hukuma ta rasa amsa.

Uku suka rinjayi biyu. Aka ce dole alƙali ya buɗe ambulan. Takarda ɗaya ce a ciki, mai nuna cewa da sunan Yaya aka yi wa layin da masu bam suka yi amfani da shi rajista. Shi ke nan.

*

Kwana casa'in sau goma ya yi a tsare kafin a sake shi. Rediyo ya yi kwanaki ana muhawara, wasu na cewa kotu ta ɗaure wa jami'an tsaro hannu, wasu na cewa ta ceci ƙasa. Lauyar ta ce ɗalibai za su daɗe suna karanta shari'ar. Ni dai har yau in na wuce ginin nan sai na rage gudu.

Yaya bai taɓa yi mini maganar wayar ba. Ya rame, gashinsa ya yi fari, amma ya nace sai ya dawo gareji. Na ajiye masa benci a inuwa, na ce ya riƙa duba aikinmu kawai.

Ran da ya cika sati da dawowa ina ɗaure birki, na juyo na gan shi zaune ya ɗaga hannu ɗaya sama, idonsa a ƙasa. Ban san tun yaushe yake haka ba. Na ajiye sifana na ce, "Yaya, lafiya?"

Mutumin da ya koya mini sana'a, wanda garejin nasa ne, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, zan iya zuwa in kama ruwa?"