Lafiyar Safiya Ɗaya

Muniratu na ɗaura ɗankwali a gaban madubi sai Anti Abena ta turo ƙofa, riƙe da sandar marigayi mijinta. Dattijuwa ce 'yar Kumasi, ita ta ba Muniratu hayar ɗaki a gidanta da ke unguwar Highbridge, a nan ƙasar waje. Ta dubi kwallin idon Muniratu, ta dubi leshin da ta goge tun jiya, ta girgiza kai. Ta ce mai zuwa gwajin lafiya na ofishin tallafi ba ya ado. Ta ce ta wanke fuskar nan, ta sa tsohuwar riga, ta dogara sanda, in an ce ta sunkuya ta ce ba ta iyawa. Haka kowa yake yi.

"Anti, yau jikina lau," in ji Muniratu. "Ba zan roƙi Allah sauƙi ya ba ni, sannan in je in ce bai ba ni ba."

Ta kuma tuna mata cewa da la'asar za ta je neman aiki a unguwar Parkchester, ba ta da lokacin dawowa ta sake kaya. Anti Abena ta jingine sandar a bango, ta fita.

Da sikila aka haifi Muniratu. Duk da haka ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta ɗaga wannan, ta yi wa wancan wanka, har ƙashin ƙugunta ya fara lalacewa. A hunturun bara ciwon ya riƙa kwantar da ita a asibiti a kai a kai, kamfanin da take yi wa aiki ya daina kiranta. Tallafin gwamnati ne ya riƙe mata ɗaki da abinci, amma da sharaɗi: kullum, Litinin zuwa Juma'a, sai ta je ajin masu neman aiki ta zauna har yamma. Kwanakin da ta yi a gadon asibiti aka lissafa su a matsayin fashi, aka yanke tallafin. Ta sha yawo da takardun likita kafin a mayar. Gwajin yau shi zai nuna ko za a sassauta mata sharaɗin.

Wurin gwajin na hawa na biyu a wani tsohon bene kusa da babban titin Concourse. Bayan dogon jira aka kira ta. Nas ɗin da ta karɓe ta, mace ce mai matsakaicin shekaru da ƙaramin gicciye a wuya, ta karanta sunan ta ɗago kai ta tambaye ta ko tana jin Hausa. Sunanta Dina, 'yar Jos. Nan take Muniratu ta saki jiki. Suka gaisa kamar sun haɗu a gidan suna, suka tambayi mutanen gida, sannan Dina ta juya ga kwamfuta.

Ta tambaye ta yadda ta zo. Muniratu ta ce a bas, ita kaɗai. Ta hau benen da ƙafarta? Ta hau. Tana iya girki, tana iya wanka ba mai taimako? Tana iyawa. Aka ce ta ɗaga hannu, ta ɗaga. Aka ce ta sunkuya, ta sunkuya, ko da yake ƙugun ya ɗan yi mata tsami.

"'Yar'uwa, duk wannan na yau ne," in ji Muniratu. "Gobe ina iya tashi ko cokali ba na ɗagawa. Ciwon ba ya sallama."

"Na sani. Ƙanena da shi ya rasu." Dina ta cire tabarau ta murza ido. "Amma abin da na gani a gabana aka ce in shigar. Tambayoyin ko e ne ko a'a. Babu wurin wata rana e, wata rana a'a."

Ta ce za ta ƙara bayani a ƙasan fom ɗin, sai dai ba ta da tabbacin akwai mai karantawa. Sakamakon ya fito kafin Muniratu ta gama sa takalmi: tana iya cikakken aiki. Aka ce ranar Litinin ta koma aji.

Ba ta yi gardama ba. A ranta ta ce in aikin yamma ya samu, ita da ajin sun rabu ke nan.

Ofishin Alhaji Sumani ƙaramin shago ne kusa da tashar jirgin ƙasa ta Parkchester, cike da ganguna shuɗaye da kwalaye masu jiran jirgin ruwa zuwa garin Tema. Yana neman mai zama a tebur ta amsa waya, wadda ta iya Hausa da Twi da Turanci. Aikin zaune, a ɗaki mai ɗumi. Ya sa ta amsa wani kira da ya shigo, wata mata ce mai faɗa a kan kayanta da suka makara, Muniratu ta lallashe ta har suka rabu da dariya. Alhaji ya ji daɗi, ya sa aka kawo mata shayi. Har ya fara nuna mata inda makulli yake zama, sai ya tambaya, kamar abin da ya faɗo masa kawai, me ya raba ta da aikinta na da.

Ta faɗa masa. Ta ce yawancin kwanaki lafiyarta lau, amma wani lokaci sai ta kwanta mako guda, kuma in ta warke tana iya rama kwanakin har da Asabar da Lahadi.

Alhaji ya juya carbinsa. Ya yi mata addu'a mai tsawo, da gaske kuma yake yi. Sannan ya ce shi kaɗai ne a shagon, ran da kwantena za ta tashi ba ya iya rasa mai tebur.

"Ƙanwata, kada ki wahalar da kanki," ya ce. "Ƙasar nan akwai tsari. Ki je ofishin tallafi, masu larura irin taki ba a barinsu su yi aiki."

Ta yi godiya, ta shanye shayin don kada ya ji kunya, ta fito.

Tashar jirgin ƙasan a sama take, iskar Nuwamba na ratsa ta ta ko'ina, leshin kuma bai tare komai ba. Jirgi ya yi jinkiri. Tana tsaye ta ji abin ya fara, can cikin ƙugu, kamar ana murɗa ƙusa a hankali. Ta san shi sarai. Ta san kuma nan da ɗan lokaci zai gangara cinya ya hau baya, tafiya ta gagara. Abin da ya kamata shi ne ta wuce asibiti kai tsaye.

A cikin jirgin ta haɗa kai da ƙarfen riƙewa tana numfashi a hankali. Da aka zo inda ake canja jirgi, ta sauka ta hau wanda zai mayar da ita Concourse. Tunda abin da aka gani ake shigarwa, to bari su gani.

Benen da ta hau da safe ba tare da tunani ba, yanzu da hannu biyu ta kama ƙarfensa, tana hutawa a kowane mataki. Ɗakin jira ya kusa zama wayam. Mai gadi ya ce an daina karɓar mutane, ta dawo ranar da aka sa mata. Ta zame a kan kujera, gumi na tsattsafo mata duk da sanyin.

A haka Dina ta fito, sanye da rigar sanyi, jaka a kafaɗa, za ta gida. Ta wuce, ta tsaya, ta dawo. Kallo ɗaya ta yi wa idanun Muniratu da leɓɓanta ta ajiye jakar. Ta ce wa mai gadi ya kira motar asibiti, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe ta, ta kawo ruwa mai ɗumi ta riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Ta san inda ake dannawa a gadon baya, ta danna, ba ta tambaya ba.

Da zafin ya ɗan lafa Muniratu ta buɗe ido.

"Kin gani?"

"Na gani, 'yar'uwa."

"Za ki shigar?"

Dina ta gyara mata rigar a kafaɗa. Sannan ta ce sakamakon safe ya riga ya tafi, ba ta da ikon buɗe shi, kuma abin da ta gani bayan tashi daga aiki ba ya cikin gwaji. Akwai ɗaukaka ƙara, ta ce, yana ɗaukar watanni, za ta nuna mata hanya. In an kira ta shaida za ta je, ko da shugabanninta ba su so ba.

"Litinin fa?" in ji Muniratu.

"In ba ki je aji ba za su rubuta fashi."

Muniratu ta gyaɗa kai. Mai gadi ya fara kashe fitilu daga can ƙarshen ɗakin, ya bar ta saman kansu. Dina ta duba agogo, ta ciro waya ta gaya wa wani a gida cewa su ci abinci kada su jira ta. Ta jawo kujera kusa, ta zauna, ta riƙe hannun Muniratu, su biyu suna sauraron titi ko za su ji jiniyar motar asibiti.